Shawarwari ga Gidan da Yaro ke Son Ƙera Mutum-mutumi Mai Motsi

Yaran Matameye sun daɗe suna ƙera motar kara da ta gwangwani, su yanka tsohon silifas su yi taya. Wanda ya iya wannan ya yi rabin tafiya, saura abin da zai sa ta motsa da kanta. A Kano, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Don haka iyaye, kada mu ce shiririta ce.

1. A ba yaron wuri nasa, ko da lungun zaure ne, da tebur da kwali mai murfi. Ƙurar hunturu na shiga ƙananan injuna ta cinye su.

2. A fara da abin da aka yar. Matacciyar rediyon kaset da na'urar DVD da motar wasan yara duk suna da ƙaramin inji a ciki. Masu gyaran rediyo na da su jibge. Sai abin ya kankama a yi saƙon allon Arduino, mai sarrafa motsin injin, daga Damagaram ko kasuwar Sabon Gari ta Kano.

3. Taya kafin ƙafa. Mai ƙafa biyu faɗuwa yake yi, yaro ya karaya. A sa inji biyu, ɗaya dama ɗaya hagu: in na dama ya tsaya na hagu na juyawa, sai abin ya karkata dama. In aka sauya wayoyin batir, injin ya juya da baya. Ƙaramin inji gudu gare shi, ba ƙarfi, saboda haka a ɗaura roba daga siririn sandarsa zuwa babbar taya, gudun ya ragu ƙarfin ya ƙaru. Gidan da ba a son sura mai fuska, a bar shi akwati da hannu ɗaya, aikinsa ba zai ragu ba.

4. Wutar Nigelec volt 220 ce, tana kisa. Wannan aiki volt 3 zuwa 6 ya ishe shi, batirin tocila ya wadatar.

5. Batirin waya da na kwamfuta su na fi jin tsoro. Wanda ya kumbura a rabu da shi, kada a huda, kada a bar shi a ranar bazara, yana kamawa da wuta. Ƙananan nan masu kama da maɓalli kuwa a ɓoye su, in jariri ya haɗiye ɗaya a garzaya asibiti nan take.

6. Liƙin dalma a yi shi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, babba na kusa, a wanke hannu kafin cin abinci.

7. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta a littafi abin da aka canza.

'Yan mata ma a miƙa musu sukurdireba. Kuma ranar da abin ya fara tafiya, Malam, ka tashi ka je ka gani da idonka.