Sarki Alfared da Mutanen Danmak

A zamanin dā ƙasar Ingila ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya. Mutanenta ana ce da su Angulo-Sakson. Suna da manyan sarakuna huɗu, kowa da tasa ƙasa. Yawancinsu manoma ne, addininsu kuwa na Kirista.

A hayin teku, wajen gabas, akwai ƙasar Danmak. Mutanenta gwanayen tuƙin jirgin ruwa ne, a lokacin kuwa gumaka suke bauta wa. Da fari hari suke kawowa, su kwashi ganima su koma. Amma a shekarar 865 suka zo da babbar runduna, ba su kuwa yi niyyar komawa ba. A 866 suka ci birnin Yok. A 869 suka kashe Sarki Edmond. Sannu a hankali ƙasashe uku suka faɗa hannunsu. Suka raba ƙasa a tsakaninsu, suka shiga noma. Saura ƙasa ɗaya a kudu, sunanta Wesseks.

Sarkin Wesseks shi ne Alfared, wanda ya hau gado a 871. Cikin hunturun 878 shugaban Danmak, Gutrum, ya auka masa ba zato. Alfared ya gudu ya ɓuya cikin fadama da 'yan mutane kaɗan. Bai karaya ba. Ya aika ko'ina a kira mazaje. Cikin watan Mayu suka gwabza a Edinton, Alfared ya yi nasara.

To, ku lura da abin da ya yi. Bai kashe Gutrum ba. Gutrum ya karɓi addinin Kirista tare da manyansa talatin. Daga baya suka ƙulla amana, suka shata iyaka. Gabas da arewa na mutanen Danmak, kudu da yamma na Alfared.

Alfared ya san amana ba ta hana shiri. Ya sa aka kewaye garuruwa da ganuwa, aka kuma sassaƙa jiragen yaƙi. Ya ga yaƙi ya kashe ilmi a ƙasarsa, sai ya kirawo malamai daga nesa. Shi kansa ya koyi Latin yana da shekara kusan arba'in, har ya juya littattafai zuwa harshen mutanensa. Gaskiya ne, gemu ba ya hana ilmi.

Ya rasu a 899. 'Ya'yansa da jikokinsa suka ƙwato ƙasar kaɗan kaɗan. A 927 jikansa Atelstan ya zama sarkin Ingila duka. Manoman Danmak ba a kore su ba. Suka zauna, aka yi auratayya, aka zama jama'a ɗaya.

Tambayoyi
1. Daga ina maharan suka fito?
2. A ina Alfared ya ɓuya?
3. Me ya yi wa Gutrum bayan yaƙi?
4. Don me ya kirawo malamai?