Darasin wannan wata: sa ma babur gaban da ba nashi ba



Kaka ta yi, yanzu ne babur ya fi shan wahala. Shi ke kai buhun hatsi da na wake kasuwa. Shi ke ɗauko rake da rogo daga Gidimuni. Shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Ƙasarmu ta Damagaram Takaya ta samu matsayin departama a 2011, amma har yanzu kwalta kaɗan ce gare mu. In ka sauka daga babbar hanyar Zinder zuwa Gure, ka nufi Mowa ko Mazamni, mafi yawa rairayi ne da gargada. A irin wannan hanya, gaban babur ke fara gajiya.

In gaba ya lanƙwashe, mutane biyu ke zuwa wurin makanike. Na ɗaya ya samu gaban wani mataccen babur da araha, yana so a sa mashi. Na biyu ya ga Yamaha DT ta ma'aikatan gona tana keta rairayi, yana so a ɗora ma Kasea tashi irin wannan dogon gaba. Su biyun aiki ɗaya suke nema. Aikin yana yiwuwa, amma sai da awo.

Mine ne gaban babur?

Mu fara da sunaye, don mu fahimci juna. Ƙarfen da ya riƙe inji da tanki da wurin zama shi ne kadar. A gaban kadar akwai wani guntun bututu a tsaye, shi muke ce ma wuya. A cikin wuya akwai sanda mai juyawa bisa ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Makanikan Zinder suna ce masu rulma, na Kano suna cewa boris. Sandar wuya tana riƙe da faranti biyu, na sama da na ƙasa. Farantan su ke damƙe ƙafafu biyu masu sifirin da mai a ciki, wato furshi. A ƙasan furshi akwai akis, ƙusar da taya ke juyawa kanta, sai kuma birki. Daga sandar wuya har taya, shi ne gaba.

Kafin ka sayi komi, dubi wuyan

Babur ɗin da ya daki kututture ko ya faɗa rami, ba furshi kaɗai ke jin ciwo ba. Wanke wuyan da sabulu, ka duba bayanshi, wurin da aka yi walda. In fenti ya tsage ko ya ɓare, ƙarfen ya motsa. In ka ga wani siririn layi kamar gashi, tsagewa ce. Irin wannan kadar, ko sabon gaba fil ka sa mata, babur ba zai tafi daidai ba. Kada ka ɓata kuɗinka.

A jikin wuya ne kuma mafi yawan masana'antu ke buga lambar babur. Wannan lamba ce ke cikin takardar babur ɗinka, wadda ake ce ma kart giriz. Wanda ya yanke wuya ya sake walda, ko ya goge wurin da dutsen wuta, ya ɓata lambar. Ranar da jandarma ko ɗan duwan ya tsai da shi, da wuya ya iya nuna cewa babur ɗin nashi ne.

Awo na farko: sandar wuya

Ajiye tsohuwar sanda kusa da sabuwa. Auna tsawo. Auna kauri a sama da ƙasa, inda rulma ke zama. In sanda ta yi gajarta, noti ba zai kama sosai ba. In ta yi siriri, za ta yi ta kaɗawa a cikin wuya.

A cikin rangadi na sha ganin yadda ake gyara wannan a bakin kasuwa: a yanko gwangwanin tumatir, a naɗa ma sanda, a buga. Gwangwani ya fi ƙarfen sanda laushi. Gargada za ta cinye shi cikin ƴan kwanaki, kai ya koma kaɗawa. Hanya biyu ce kawai mai kyau. Ko a nemo rulma wanda cikinshi ya yi daidai da sabuwar sanda, wajenshi kuma ya yi daidai da wuyan. Ko a kai ma mai injin sassaƙa ƙarfe a Zinder, ya fidda tsohuwar sandarka daga farantinta, ya dasa ta cikin sabon faranti. Wannan aikin gwani ne, ba na mai walda ƙofa ba.

Akwai wani sauƙi. Kamfanin Honda na Japan ya fito da babur CG125 a tsakiyar shekarun 1970, don ƙasashe irin namu. Da yawa daga cikin baburan Sin da ke hannunmu, shi aka kwaikwaya. Shi ya sa kayansu ke yawan shiga juna. Amma Boxer ta Indiya wata zuriya ce daban, DT ma haka. Ko tsakanin ƴan gida ɗaya, auna tukuna.

Awo na biyu: tsawo, da abin da ke sa babur tafiya sak

Nan ne zuciyar darasin. Ku karanta a hankali, in da hali ku taru kusa da babur.

Mi ya sa babur mai lafiya ke tafiya sak, ba sai ka yi kokawa da kai ba? Ku tuna da amalanke. Jaki na gaba, ita tana baya, duk inda ya bi sai ta biyo. Tayar gaba ma jan ta ake yi. Ga yadda za ka gani da idonka.

Tsai da babur a ƙasa mai tauri, wani ya riƙe shi tsaye, kai ya dubi gaba. Samu miƙaƙƙen kara mai tsawo, ka jera shi da wuya, ya bi karkatar wuyan har ya taɓa ƙasa. Yi alama. Sa'an nan ɗaure ƙaramin dutse da zare, ka sako shi daga tsakiyar akis. Inda ya taɓa ƙasa, nan taya ke taka. Yi alama ta biyu. Za ka ga alamar kara tana gaba, ta dutse tana baya. Tazarar da ke tsakaninsu mu kira ta biyo, don ita ke sa taya ta biyo wuya. Masu Faransanci suna ce mata shas. A baburanmu takan kama daga santimita 8 zuwa 12.

In biyo ya ragu, kai ya yi sauƙi fiye da kima. Ƙaramin dutse ya isa ya karkatar da shi. In an yi gudu sai ya soma rawa hagu da dama, har ya fi ƙarfin hannu. A rairayi kuwa taya sai ta nutse ta lanƙwashe, mai babur ya tashi ta sama. Gajeren furshi ke kawo wannan, domin yana sa babur ya duƙa.

In furshi ya yi tsawo, babur ya ɗaga kai. Kwana ta yi nauyi. Fitila ta haska sama, ta bar hanya cikin duhu. Nauyi ya koma baya. To, yanzu ɗora buhu mai kilo 100 a baya, ka hau tudu. Tayar gaba da ƙyar take taɓa ƙasa, kuma tayar da ba ta danne ƙasa ba, ba ta jin linzami, ba ta jin birki. Ga wani abu kuma: dogon ƙota ya fi gajere ƙarfin ɓanɓara. Haka dogon furshi ke ɓanɓarar wuya duk lokacin da ka faɗa rami. Kadar da aka ƙera don gajeren furshi, a bayan wuya take tsagewa.

Mu yi ɗan lissafi. A gefen kowace taya akwai lamba. Ta irin CG takan nuna 2.75-18, ta Boxer 2.75-17, ta DT 2.75-21. Lambar ƙarshe ita ce faɗin garen taya da inci. Daga 18 zuwa 21, inci 3 ke nan, wato santimita 7 da rabi. Rabinshi ne ke ɗaga babur: kusan santimita 4. Wannan taya kaɗai, ba mu sa tsawon furshin DT ba, wanda shi ma ya fi na Kasea. Yamaha ta ƙera DT125 tun 1974 don jeji. Kadar ɗinta, da bayanta, da tsawonta, duk an yi su ne don wannan gaba. Ba gaban kaɗai ke keta rairayi ba, babur ɗin ne gaba ɗaya.

Ga ra'ayina, ban yarda a sa gaban DT a kan Kasea mai dakon hatsi ba. Wanda rairayi ya dama, ya sayi taya mai haƙora, ya rage iska kaɗan in zai shiga yashi, ya ƙara in ya hau kwalta, ya zuba sabon mai a furshi. Wannan ya fi araha, ya fi lafiya.

Wanda dole ta sa shi sauya gaba, ya auna daga ƙasan wuya zuwa ƙasa kafin ya kwance tsohon. In tsohon ya lanƙwashe, ya auna a babur ɗin maƙwabci mai irin nashi. Bayan an ɗaura sabo, ya sake awo. Shawarata ita ce bambancin kada ya wuce santimita 2. Ya auna biyo kuma, kafin aiki da bayan aiki.

Kada a yi haɗin gambiza. Farantai da furshi tare aka ƙera su. A wasu baburan jeji akis yana zaune a gaban ƙafar furshi, ba a ƙarƙashinta ba. In ka sa irin waɗannan ƙafafu cikin farantan babur ɗin gari, taya ta matsa gaba, biyo ya ragu ƙwarai, ko da tsawo ya yi daidai. Ido ba ya ganin wannan, sai kara da zare. Saboda haka in za ka saya, sayi duka a wuri ɗaya: sanda, farantai, furshi, akis, taya da birki.

Awo na uku: birki

A birki mai ganga, faifan da ke riƙe da takalman birki yana da tsaga. A jikin ƙafar furshi akwai wani haƙori da ke shiga cikin tsagar. Shi ke hana faifai juyawa tare da taya. In ka haɗa tsohuwar tayarka da baƙon furshi, wani lokaci haƙorin ba ya shiga, ko ya shiga da baki kawai. A hankali birki zai kama, ka ce lafiya lau. Ranar da saniya ta tsallako maka ka damƙe da ƙarfi, faifai zai kuɓuce ya juya, ya naɗe waya. Ko birki ya ɓace, ko taya ta ƙame nan take. Durƙusa ka duba haƙorin da idonka. Ɗauri da waya ba ya maye shi.

In sabon gaba mai birkin faranti ne, wanda ke aiki da ruwa, sai an kawo hannunshi da tukunyarshi da tiyonshi. Ruwan da ake zubawa an rubuta shi bisa murfi, DOT 3 ko DOT 4. Man inji yana kumbura robobin ciki, birki ya mutu.

Wajen ɗauri

Tsohon furshi, a fidda bututun a mirgina shi bisa gilashi ko tebur mai laɓe. In yana tsalle, a lanƙwashe yake. Wanda aka miƙe da wuta da guduma, ku bar ma mai shi. Mai a ƙafafu biyu ya zama awo ɗaya. Ƙwallayen wuya a sa sababbi duka, da mazauninsu, da girisi mai yawa. Kada a gauraya tsoho da sabo.

Notin wuya yana son hannu mai hankali. Ɗaga gaban babur bisa turmi. Tura kai kaɗan: ya kamata ya faɗi gefe da kanshi, ba tare da sarƙewa ba. Kama ƙasan furshi, ka ja gaba, ka tura baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ƙara ɗauri kaɗan. In kai ya ƙi faɗuwa, ka matse da yawa, sassauta.

Sauke babur. Ƙarti biyu su danne gaba iyakar ƙarfinsu, kai kuma ka duba: taya kada ta taɓa madagadi, ko inji, ko salansa. Juya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. Kada ya daki tanki, kada ya matse maka babban yatsa. Ta da inji, ka sake juyawa. In kukan inji ya ƙaru, wayar mai ce ke jan kanta, a sake mata hanya ko a sa doguwa. Wayar birki ma ta zama da saura ko furshi ya miƙe duka.

Sa'an nan ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, gefe da gefe. Ratar da ke tsakanin zare da tayar gaba ta zama ɗaya hagu da dama.

Gwaji na fari, kai kaɗai, da hular kwano, babu kaya, babu yaro. Fara a ƙasa mai tauri, a hankali. Gwada birki sau da yawa. Ƙara gudu kaɗan kaɗan, kana sauraren kai. In ya ja gefe ɗaya ko ya soma rawa, tsaya, koma ga awo. In lafiya, ɗora rabin buhu ka sake, sa'an nan ka shiga rairayi. Sabon rulma yakan zauna bayan ƴan kwanaki, noti ya saki. Ranar kasuwa ta biyu, kafin ka ɗora kaya, sake ɗaga gaban bisa turmi ka gwada.