Tankin kifi a falo: ina ruwan zai tafi idan an ɗauke wuta?

Sana'ata haɗa bututun ruwa, kuma a 'yan shekarun nan aikin manyan tankunan gilashi na kifin ado ya shigo hannuna. Yawancin kiran da nake samu na gaggawa ne: an wayi gari kafet ya jiƙe sharkaf, katakon kabad ya kumbura, maigida na rantsuwa gilashi ne ya tsage. Da wuya in tarar da tsaga. Kusan kullum laifin na bututu ɗaya ne, wanda yake mayar da ruwa sama.

Babban tanki yakan zo da ƙaramin tanki a ɓoye cikin kabad ɗin ƙasa, inda ake tace ruwa. Ruwa na malala daga sama ya gangara can, injin ruwa ya sake tura shi sama. Muddin akwai wuta, lafiya lau. Da zarar injin ya tsaya, ruwan da ke cikin bututun komawa sai ya juyo da nauyinsa, ya jawo na cikin tankin a bayansa. Wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san lamarin: in ya fara zuba ba ya tsayawa sai bakin tiyon ya sha iska.

Mu yi lissafi, don a nan mutane ke raina abin. Tanki mai tsawon santimita 180 da faɗin 60, kowace santimita ɗaya ta ruwan samansa lita 10.8 ce. In bakin bututun komawa ya nutse santimita 15, to lita 162 ce za ta sauko. Tankin ƙasa mai 90 da 40 da 40 kuwa, ko babu ɗigon ruwa a cikinsa lita 144 zai ɗauka, alhali dama da rabinsa a cike. Ragowar a kan tayil za ta ƙare, gefen soket da wayoyi. Mutumin Jamus ko Japan yana iya shekara bai ga wannan ranar ba. Mu a nan, tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareto, a yini guda ma sai a maimaita.

Gyaran farko ba ya cin kuɗi. A ɗaga bakin bututun ya zama bai wuce santimita 2 zuwa 3 ƙarƙashin fuskar ruwa ba, ta yadda zai sha iska da wuri. In ana son bakin ya yi zurfi, sai a huda bututun da ƙaramar ƙofa kamar milimita 3, dab da ƙarƙashin fuskar ruwa, tana kallon ƙasa don kada ta riƙa fesa wa murfi. Ni biyu nake hudawa, domin gansakuka da farin gishirin ruwan burtsatse na toshe ta, wani sa'in ma ɗan dodon koɗi ne zai je ya zauna a kai. Tsinken sakace ya isa a share ta duk mako.

Masu shago za su ce a sayi bawul mai hana ruwa komawa. Ban hana ba, amma ban yarda a ɗora amanar falo a kansa ba. Ƙwayar yashi guda in ta maƙale a leɓensa, ba zai rufe ruf ba, kuma ɗigon da ya kwana yana zuba ya isa ya cika kabad. Abin dogaro shi ne filin da aka bari a tankin ƙasa. A kashe injin da gangan, a tsaya a kai har ruwa ya daina sauka. In ya tsaya da saura kamar santimita 5 kafin baki, a kunna injin, a jira ya daidaita, a ja layi da maka a jikin gilashin. Kada ƙarin ruwa ya wuce layin nan. Ina nanata wannan saboda hunturu: ruwa na ƙafewa da sauri, sai yaron gida ya ga tankin ƙasa ya ja baya, ya cika shi taf da kyakkyawar niyya.

Ambaliya na iya zuwa ta sama ma, in magudanar da ke gangarar da ruwa ta toshe da ganye ko mataccen kifi, injin kuma bai daina turawa ba. Shi ya sa nake sa magudana biyu, ta biyun ta ɗan fi tsayi, tana zaune a bushe sai ranar buƙata, ɓangaren tankin ƙasa da injin ke ciki kuma in ƙanƙanta shi yadda ko ya juye duka sama ba zai tumbatsa ba. Akwatin malala irin wanda ake ratayawa a gefen gilashi kuwa ba na sa wa kowa. In iska ta shiga lanƙwasarsa ya daina jan ruwa, ana dawo da wuta sai injin ya cika tanki har ya zubo.

Siririn tiyon injin kumfa shi ma yana zuƙo ruwa. A ajiye injin kumfar sama da fuskar ruwa. Soket ya bar ƙasan kabad ya hau bango, kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa filogi don ɗigo ya sauka a can, layin kuma a sa masa na'urar katse wuta ta miliamfiya 30.