Bayani Game da Zafin Bazara ga Mazauna Birni

Duk wanda ya taɓa kwana a Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, tsakanin watan Maris da na Mayu, kafin faɗuwar ruwan farko, ba ya buƙatar a yi masa sharhin bazara, domin ya san yadda bango kan riƙe zafin rana har bayan sallar Isha, ga wutar lantarki da ba ta da alkawari, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki wadda ta fi ƙarfin aljihun akasarin jama'a. Al'amarin ya wuce na ƙorafi a bakin kasuwa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuwa ya ba da labarin rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi.

Asalin wahalar mazaunin birni, a ganina, tana bisa kansa, wato rufin ɗakinsa. Magabatanmu da suka yi soro da azara, suka kuma kaurara bangon ƙasa, sun samu ɗakin da zafi ke jinkirin ratsawa. Mu kuwa muka rungumi kwano da bulo saboda ado da sauƙin gyara, muka wayi gari muna kwana cikin tanda. Wanda ba shi da halin sake gini, to ya rufe tagar da ke fuskantar rana tun da hantsi, ya rataya asabari daga waje, kada ya buɗe sai iska ta huce bayan Magariba. In da hali a shafa wa kwanon farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana. Da dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro, musamman da yake cunkoso a rufaffen ɗaki a wannan lokaci shi ne abincin sanƙarau.

Akwai darasi babba a jikin randa. Ruwa yakan tsattsafo ta ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin abin da ke ciki, shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba daɗi a maƙogwaro. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana tumatir da alayyafo, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Jikin ɗan Adam ma haka yake: a jiƙa zane a yafa, ko a shafa ruwa a wuya da hammata, sannan a kunna fanka ko a ɗauki mafici. Amma idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka a busasshen jiki hucin wuta kaɗai take hurowa.

Shari'a ma ta yi rangwame, domin malaman fiƙihu sun yi bayanin jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta, ƙailula kuma sunna ce. Ɗan dako da ɗan ga-ruwa su yi babban aikinsu da sassafe. A sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, kuma wanda ya ga fitsarinsa ya yi ja, ya sani ruwan jikinsa ya ragu.

Wadda na fi jiye wa tsoro ita ce tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki, wadda kunya ke hana ta cewa a kawo mata ruwa. A riƙa leƙa ta. Idan aka tarar jikinta ya yi zafi rau, tana magana ba kan gado, kada a ce iska ce. A fito da ita inuwa, a sassauta tufafinta, a yi ta zuba mata ruwa ana fifita, kada a ɗura mata komai muddin ba ta cikin hayyacinta, wani kuma ya ruga neman abin hawa zuwa asibiti.