Kafin Ka Taɓa Ƙoshiya

Ɗana, jiya da la'asar na bi ta ƙofar shagonka, na hango ka ka zaro ƙoshiya kana murɗa ɗan sukurun jikinta, rai a ɓace. Ga shaddar mutane a kan keke, zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashinta kamar sheƙar tsuntsu. Ban tanka ba, don mai kayan yana zaune. Abin da na so faɗa maka shi ne, ba a nan ciwon yake ba.

Butterfly ɗin nan naka ɗan ƙasar Sin, da Singer ɗin da na koyi aiki a kansa, wanda kamfaninsa ya faro a Amurka tun 1851, dukansu da zare biyu suke ɗinki. Na sama yana biyo allura, na ƙasa yana fitowa daga kwarkwaro, sai su sarƙe, ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi. Kamar mutum biyu ne suna jan igiya, wanda ya fi ƙarfi shi ke janyo ƙullin gefensa. Saboda haka in ka ga zare ya yi tsumma a ƙasa, na sama ne ya yi sako-sako aka rinjaye shi. Ido yana ganin ɓarna a ƙasa, hannu sai ya nufi ƙoshiya, alhali laifin yana sama. Ni ma ina ɗan koyo na taɓa ɓata atamfar amarya a kan haka, kuma har yau ina tuna yadda maigidana ya zauna yana farke ɗinkin da reza bai ce mini komai ba.

Don haka ka zare zaren sama gaba ɗaya ka sake sawa daga farko. Ka fara ɗaga ƙafar da ke danne yadi. Nan ne yawancin yara ke yin sakaci. Ɗaga ta shi ke buɗe 'yan farantan nan biyu na tenshan. In tana ƙasa a matse suke, zare ba zai shiga tsakaninsu ba, sai ya kwanta a baki kawai, kai kuwa kana ganin kamar ya shiga. Ka juya keke da hannu zuwa wajenka har hannun nan mai hawa da sauka ya kai ƙololuwa. Sannan ka bi da zare ta maƙalin farko, ka ratsa shi tsakanin farantan, ka rataya shi a ɗan sifirin, ka zura a ramin hannun, ka gangaro da shi zuwa allura. Ta gefen da doguwar tsagar allura take ake zura shi. Idan ka gama, ka sauke ƙafa ka ja zaren. In ka ji ya yi nauyi, ya zauna. In ya taho salin-alin, ka koma.

Ka duba allurar ma, ko ta lanƙwashe ko bakinta ya dakushe. Lamba 14 ta ishi atamfa, 16 ga shadda mai jiki, 18 ga yadi mai kauri.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen fadama. Da hunturu ƙura ke shiga tsakanin farantan, ta haɗu da burbushin zare ta hana su matsewa. Da damina laima ke sa musu tsatsa. Bayan ambaliyar 2022, da ruwan kogin Hadejia ya shiga gidaje a ƙasar Kirikasamma, kekunan da aka kawo mini da yawa ba abin da ke damunsu sai tsatsa a nan, tana cin zare yana tsinkewa. Ka ninke ƙyalle mai tsabta ka goge tsakaninsu, kuma kada ka ɗiga musu mai. In ka tashi daga aiki ka rufe keken.

Sai bayan duk wannan za ka taɓa tenshan. Ka sami ƙyallen yadin da za ka ɗinka, ka ninka shi biyu, ka sa farin zare a sama, baƙi a ƙasa, don ka ga wanda ke leƙowa. Fari ya fito a ƙasa, ka murɗa dama kaɗan ka ƙara matsewa. Baƙi ya fito a sama, ko yadin ya tattare, ka sassauta zuwa hagu. Murɗi ɗaya, ɗinki ɗaya, ka duba. Sauri ya haifi nawa.

Ƙoshiya ita ce ta ƙarshe. Ka riƙe zarenta ta yi reto, ka ɗan girgiza hannu. In ta sauko kaɗan ta tsaya, lafiyarta ƙalau, ka ƙyale ta. In ta zube ƙasa ko ta ƙi motsi, sannan ka murɗa sukurun, kada ya wuce rubu'in zagaye. Ka yi shi a kan faranti, don in sukurun ya faɗa cikin yashi, sai ka biya kuɗin mota zuwa Hadejia neman wani, ga kayan Sallah jibge suna jiranka.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba ka zo gida da ƙoshiyar nan da ka murɗa, da ƙyalle da zare kala biyu, mu mayar da ita daidai tare. Allah ya yi maka albarka.