Darasin Kimiyya: Abin da Tsangwamar Neman Lalata Ke Yi wa Jikin Ganduroba Mace

Aji: Babbar sakandare, Shanono
Fanni: Kimiyyar jikin ɗan Adam
Manufa: Ɗalibai su gane yadda tsoro mai ɗorewa ke zama cuta.

Gabatarwa
A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali. Dokokin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce mata ma'aikata ne kaɗai za su kula da fursunoni mata. Don haka aikin gidajen gyaran hali, a Kano ko ko'ina, ba ya tafiya sai da gandurobobi mata. Wasu cikinsu kuwa na fuskantar maganganun batsa, taɓa jiki ba da yardarsu ba, ko barazanar hana ƙarin girma, daga fursunoni ko daga abokan aiki.

Mataki na 1: Jiki ya ji haɗari
Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala shi ke fara gane barazana. Sai ya aika saƙo ga haifotalamus, shi kuma ya sa ƙullutun adirinal da ke saman ƙoda su saki adirinalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto. Walter Cannon na Amurka ya kira wannan shirin faɗa ko gudu.

Mataki na 2: Idan abin ya daɗe
Bayan adirinalin sai sinadarin kotizol, wanda ke ƙara sukari a jini domin jiki ya samu ƙarfi. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci. Amma wadda kullum sai ta haɗu da mai tsangwamarta a wurin aiki ba ta da damar faɗa ko gudu. Jikinta kamar injin niƙa ne da aka bari yana aiki dare da rana. Tun 1936 Hans Selye ya nuna cewa irin wannan matsi yana gajiyar da jiki.

Mataki na 3: Sakamako
Rashin barci, ciwon kai, hawan jini, raunin garkuwar jiki, fargaba da ciwon damuwa. Hankali yakan rarrabu, alhali aikin gadi na son natsuwa. Wata har ta ajiye aikin.

Tambayoyi
1. Ina ƙullutun adirinal suke?
2. Me ya bambanta aikin adirinalin da na kotizol?
3. Me zai samu fursunoni mata idan ma'aikata mata suka ragu?

Kammalawa
A 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Ɗalibai, in wata ta kawo muku irin wannan kuka, kada ku tsaya a "yi haƙuri". Ku taimaka mata ta kai ƙara, ta kuma ga likita.