Su Wane Ne Ke Tafiyar da Jirgin Ƙasa na Fasinja?

Gabatarwa

Tun shekarar 1911 da layin dogo ya iso Kano, jirgin ƙasa ya shiga rayuwar mutanen ƙasar nan. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a 2016 kuma aka buɗe sabon layi mai tsawon kilomita 186 daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna. Sau da yawa fasinja ba ya ganin kowa sai mai duba tikiti, alhali kuwa ransa yana hannun ma'aikata da dama. Wannan darasi zai bayyana aikin kowannensu da dalilin kimiyya da ya wajabta shi.

Direba

Direban jirgi ba shi da sitiyari, domin layi ne ke juya jirgi. Aikinsa shi ne sarrafa gudu da birki, da bin alamun hanya. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, layi ma ƙarfe ne, saboda haka gogayyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta tayar mota da kwalta ba. Wannan ne ya sa kan jirgi guda yake jan taragai masu yawa, shi ne kuma ya sa tsayawa take da wuya. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin motsin jirgi yakan ninka sau huɗu. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana bukatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Don haka dole direba ya san kowace kwana da gangara, ya fara taka birki tun bai hango tasha ba. A yawancin jiragen zamani akwai na'urar da ke tsayar da jirgi da kanta idan direba ya suma ko barci ya ɗauke shi.

Gadin jirgi

Shi ne mai kula da taragai da mutanen da ke cikinsu. Yana tabbatar da an rufe ƙofofi, shi ne kuma ke ba direba alamar tashi da tuta ko fitila ko usur. Kafin tafiya, ana gwada birki tun daga kai har taragon ƙarshe. Birkin iska da George Westinghouse na Amurka ya inganta a 1872 yana aiki ne da bututu guda mai cike da matsattsiyar iska, wanda ya ratsa dukkan taragai. Da zarar matsin iskar ya ragu, birki zai kama. Ke nan ko da tarago ya tsinke, bututun zai yanke, ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. Amma idan aka manta famfon bututun a rufe a tsakiya, taragan baya ba za su amsa birkin direba ba. Hikimar gwajin ke nan.

Shugaban tasha da masu alamu

Inda layi guda ne, jirage biyu ba za su shiga tsakanin tashoshi biyu a lokaci ɗaya ba. A tsohon tsari, shugaban tasha yakan miƙa wa direba wata shaida ta ƙarfe mai ɗauke da sunan wannan yanki na layi. A tsarin zamani, fitilu da na'urori ne ke yin wannan aiki. A watan Janairun 1921, kusa da Abermule a Birtaniya, ma'aikatan tasha sun mayar wa direba shaidar yankin da ya riga ya wuce, shi kuma bai duba ta ba. Jirage biyu suka yi karo, mutum 17 suka rasu. Na'urar lafiyarta lau, sakacin mutane ne ya jawo asarar.

Sauran ma'aikata

Mai duba tikiti yana kare kuɗin shiga, yana kuma hana cunkoso. Makanikai suna duba ƙafafu da birki da maƙalan taragai. Masu sintirin layi suna neman tsagewar ƙarfe da zaizayar ƙasa, musamman da damina. Muhimmancin jami'an tsaro kuwa ya fito fili bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022.

Kammalawa

An tsara waɗannan ayyuka ne yadda kowane ma'aikaci zai zama mai duba aikin ɗan'uwansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fasinja ma yana da nasa nauyin: kada ya hau rufin tarago, kada kuma ya tsallaka layi yana tsammanin jirgi zai tsaya masa.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Me ya sa jirgin ƙasa ba ya tsayawa da sauri kamar mota?
2. Idan gudun jirgi ya ninka sau uku, sau nawa ƙarfin motsinsa zai ninka?
3. Wane darasi haɗarin Abermule ya koyar?